Waiwayen Tsohon Gada

Duk wanda ya buga wasanmu har ya yi nisa ya san Tsohon Gada. Shi ne dattijon nan da ke tsaye a tsakiyar gadar katako, hazo ya rufe masa ƙafafu, kuma babu mai wucewa sai ya kayar da shi. Gemunsa wani mai zane ne a ofishinmu ya ƙirƙira, muryarsa ta wani ɗan wasan kwaikwayo ce da aka ɗauko, faɗin kafaɗar nan kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Amma motsin na Babana ne. Duk shurin da tsohon ya kai, duk juyin da ya yi, har yadda yake sauke diddige a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci, Baba ne ya yi su da jikinsa.

Baba malamin kareti ne tun kafin a haife ni. Yana koyarwa a wani ɗaki a saman shagon masu facin taya, inda warin roba ke hawowa ta taga ya gauraya da na zufa. Ni kuma a kamfanin wasannin bidiyo nake aiki, a sashen motsi. Ana ɗaukar mutum yana faɗa, kwamfuta ta mayar da shi fararen ɗigogi a baƙin allo, ni in gyara inda ɗigogin suka yi rawa, in ɗora su a jikin mutumin da aka zana. Da aka ce ana neman dattijon da ya iya faɗa na gaske, ban yi shawara da kowa ba na ce ina da shi a gida.

Ranar ɗaukar an ba shi wasu matsattsun baƙaƙen kaya da aka manna wa fararen ƙwallaye tun daga goshi har yatsun ƙafa. Ya daɗe a ɗakin canza kaya, sannan ya leƙo da kai kawai ya tambaya ko babu wata riga da ake ɗorawa a sama. Aka ce babu. Ya ce to lallai yau 'yarsa ta gama da shi. Na tura wa Umma hotonsa, ta kira ni tana dariya har tana tari. Amma da ya tsaya a tsakiyar fili, kamarori suka kewaye shi, ya sauke numfashi ya ɗaga gwiwa, sai dariyar kowa ta ɗauke.

Bayan fitar wasan da 'yan watanni Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo yana wanke fuska. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu a kujerar falo yake wuni, hannun dama a kan cinya kamar na aro, magana tana fito masa ɗaya bayan ɗaya da nauyi. Ɗakin saman shagon taya kuwa wani tela ya karɓa.

Ni ba na cikin masu rantsuwa cewa abin da ya fito daga hannunsu ba shi da aibu. Wasanmu yana da abin da zan tsaya a kansa ko a gaban wa. Faɗansa yana da nauyi. In ka kai naushi kana jin ya sauka, in ka tare kana jin ƙashinka ya amsa. Ba irin wasan nan ba ne da mutum zai rufe ido ya yi ta latse-latse har ya ci. Dole ka jira, ka karanta kafaɗar abokin faɗanka, ka bar shi ya fara. Ga shi da kyau. Akwai inda ake faɗa a saman rufin gidaje ana ruwa, ƙarar ruwan a kan kwano tana canzawa duk inda ka taka. Akwai wata kasuwa da aka shanya yadudduka a igiyoyi, iska na kaɗa su, abokan gaba na ɓullowa ta bayansu shiru. Nakan kai mutumina wurin in bar shi a tsaye, in yi ta shan shayina ina kallon yadin yana tashi yana sauka.

Sauran kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Labarin bai fi a rubuta shi a bayan tikitin mota ba: an kashe malaminka, tashi ka rama. Kamarar wasan tana da wata muguwar ɗabi'a ta laɓewa bayan ginshiƙi daidai lokacin da aka yi maka taron dangi, sai dai ka ji ana jibgarka kana kallon katako. 'Yan barandan da kake faɗa da su duk fuskarsu ɗaya, ka ce uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. In aka kashe ka kuma, kafin wasan ya sake buɗewa ka isa ka tafasa ruwa. Masu sharhi sun faɗi duk wannan, kuma ban ji haushi ba, don ba su yi mana ƙazafi ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar waiwayen. Kafin Tsohon Gada ya kai babban shurinsa, wanda yake juyawa da shi, yakan ɗan karkata kai hagu, ya dubi ƙasa, sannan ya juyo. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba. To amma masu wasa ba sa barin ƙiftawar ido ta wuce su. Suka gano cewa in ka shige masa daidai lokacin, a buɗe yake, sai yadda ka yi da shi. Nan da nan intanet ta cika da bidiyo. Wani ya kayar da shi yana riƙe da rimot ɗin wasan a bayansa, wani da yatsun ƙafa. Suka riƙa cewa tsoho ya tuna ya bar tukunya a wuta. Wani mai sharhi ya rubuta cewa abin takaici ne a ce mafi kyawun faɗa a wasan kuskuren kwamfuta ya lalata shi.

Ba kuskuren kwamfuta ba ne. Tun da na buɗe ido haka nake ganin Baba yana yi, kamar yadda wani ke gyaran murya kafin ya yi magana, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Shurin da juyin, duk wani ƙwararre zai iya yin irinsu. Waiwayen nan ne kaɗai na tabbata babu mai shi sai Baba. Kuma ina son in tuna, musamman in na baro shi a kujera da safe, cewa a wannan lokacin akwai wani a wani gari da ya iso gadar, Baba yana tsaye a gabansa da ƙafafu biyu yana karkata kai.

Manajanmu ya tara mu a kan gyaran da za a tura wa duk masu wasan. Ya ce za a taɓa kamara, za a rage jinkiri, za a kuma cire waiwayen, kuma tunda ni na yi aikin tun farko ni zan cire. Dogo, mai gwada mana wasa, ya tashi ya nuna yadda ake kayar da tsohon, yana yi yana satar kallona kamar wanda aka sa dole. Na ce ai mutum aka ɗauka ba injin niƙa ba, kuma kowane mutum da ɗabi'arsa. Manaja ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya tambayi jikin Baba, ya yi masa addu'a, sannan ya ce tsohon nan shi ne zuciyar wasan, ga shi an mayar da shi abin dariya. Ya ce ainihin fayil ɗin ɗaukar yana nan, babu mai taɓa shi, in ina so in kwafa in tafi da shi gida.

"Ɗigogi ke nan za ku bar mini," na ce.

Na fita na ja ƙofa da ƙarfi don ta yi ƙara. Ƙofar irin mai rufe kanta a hankali ce, ta bi bayana ta rufe lafiya lau.

Da rana, bayan an ci abinci ofis ya yi tsit, na buɗe fayil ɗin. Rana tana shigowa ta tsakanin labule, fanka tana juyawa a kasalance. Ɗigogin suka fito, farare a kan baƙi kamar an watsa shinkafa a faranti, sai suka motsa suka zama Babana. Na gane ɗan tumbinsa, na gane gwiwar hagu da yake lallaɓawa. Na rage gudun abin har ya koma kamar mutum yana tafiya a cikin ruwa. Gwiwa ta tashi. Kai ya karkata.

Muna da wata dabara ta sanin inda mutumin wasa yake kallo: sai a ja layi daga goshinsa a ga inda ya sauka. Na ja. Layin ya tafi hagu, ya ɗan yi baya, ya sauko ƙasa. Na buɗe wani ɗaukar na ja, ya bi hanya ɗaya. Na buɗe duk inda ya yi shurin nan, na ɗora layukan a kan juna, suka haɗu a wuri guda a cikin iska, bai kai tsayin gwiwar babban mutum ba. Na san filin da aka yi ɗaukar. Babu kamara a wurin, babu kujera, babu wanda ya tsaya a nan.

Na zuba wa wurin ido har idona ya yi nauyi. Ban ce barci na yi ba. Amma baƙin allon ya fara yin haske a gefe kamar taga, ƙarar fanka ta koma hucin injin da ke ba taya iska a ƙasan bene, na ji warin roba. Fararen wanduna suna wucewa a gabana, dogaye, suna kaɗawa. Tafin ƙafafu suna goga tabarmar roba. Ina zaune a kan wata naɗaɗɗiyar katifa a kusurwar hagu, da kofina mai murfi, da murafun bakin taya da masu faci suke ba ni in yi wasa. Lokacin Umma tana aikin jinya a asibiti tun safe, babu wanda za a bar ni wurinsa, don haka Baba yake saɓa ni a wuya ya hau da ni benen. An ce ban iya zama wuri ɗaya ba, da an ɗauke ido na rarrafo tsakiyar fili. Sai ga Baba a sama can, babba kamar ginshiƙi, ya ɗaga gwiwa, ya karkato kai ya dube ni.

"Matsa baya, Uwata," yake cewa. Sannan ya juya.

Haka yake kirana har yau. Na dawo hayyacina na sami layukan nan suna nan inda na bar su, sun haɗu daidai inda kan ƙaramar yarinya zai kasance in tana zaune. Na girma, na bar benen, na yi karatu, na kama aiki, shi kuwa wuyansa bai samu labari ba. Na yi kuka a teburina, kuka sosai. Dogo ya turo mini kwalin tishu da gwiwar hannu bai ɗago daga allonsa ba.

Na koma gida da shirin in ce wa Baba ba zan cire ba ko da za a sallame ni. Tun a ƙofar kicin Umma ta tare ni, ta ce in bi shi a hankali. Wasu tsofaffin ɗalibansa sun zo gaishe shi, suka nuna masa bidiyon mai yatsun ƙafa a waya, a zatonsu zai yi dariya. Tun da suka tafi ya ƙi cin komai.

Na durƙusa a gabansa na yi masa bayani. Na ce an ba ni umarni, amma ni ba zan yi ba. Ya daɗe yana kallona, leɓensa yana neman kalmar.

"Cire," ya ce.

Na ce Baba ai naka ne, shi kaɗai ne naka a jikin tsohon. Ya girgiza kai. A hankali, yana yi yana hutawa, ya gaya mini cewa ya ƙare rayuwarsa yana ɗalle wa ɗalibai ƙeya in sun ɗauke ido daga abokin faɗa, ashe shi ne babban mai laifin, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa sai da duniya ta gani. Na tambaye shi ko ya san abin da yake kallo in ya waiwaya. Ya dubi bango, na ga da gaske yana nema.

"Ba komai," ya ce. "Mugun sabo." Ya haɗiye yawu. "Yara suna dukana, Uwata."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Da na so da na gaya masa, ga shi a bakina. Amma ba na son in miƙa masa abin in ce ya miƙo mini. Daga wurinsa nake son ya fito. Na tashi na shiga kicin ina buga tukwane ba dalili. Umma ta bar ni na gama, sannan ta ce mutumin da kofi ya gagare shi ɗagawa, in ya roƙi a bar masa wuri ɗaya da ba a kayar da shi, ita ba ta ga wanda zai hana shi ba.

Na koma ofis na zauna cire waiwayen. Na zaci aikin ɗan lokaci ne, in riƙe ɗigogin kai su tsaya cak shi ke nan. Da na yi haka sai tsohon ya zama kamar wanda wuyansa ya sage, don kafaɗarsa tana karkata ita ma. Na gyara kafaɗa, sai na ga ƙugu yana jinkirtawa yana jiran kai ya dawo. Na gyara ƙugu, sai ga tafin hannun hagu yana ɗan buɗewa ta ƙasa, kamar mai shirin tare wani abu. Har shurin kansa, da na auna, bai taɓa sakinsa duka ba, yana rage masa tsawo ta ɓangaren hagu. Haka na yi ta bin kaina a jikin Babana gaɓa bayan gaɓa ina gogewa. Na yi aikin da kyau, don ban iya yin sa da wasa ba. Da na gama, Dogo ya gwada, tsohon ya watso shi daga gada tun bai gama gyara zama ba. Ya gwada har ya gaji, ya ajiye rimot ya ce wannan kam sai dai a roƙe shi hanya.

Gyaran ya fita. Kamara ta rage laɓewa, ba ta daina ba. Labarin yana nan yadda yake, 'yan baranda ma haka. Amma a kan Tsohon Gada kowa ya yaba. Masu yi masa dariya suka koma kuka a intanet, mai sharhin nan ya ce yanzu ne aka yi faɗa. Manaja ya tsaya a teburina ya ce sannu da ƙoƙari. Na ce yauwa.

Ranar hutu da la'asar na haɗa wasan a talabijin ɗin falo don Baba ya gani. Umma ta gyara masa matashi, ta sa masa tabarau, ta zauna a doguwar kujera tana tsintar zare a jikin labule. Batirin rimot ɗin ya mutu, sai na jona shi da waya, wayar kuma gajera ce, dole na zauna a ƙasa kusa da soket, a gefen kujerarsa.

Gadar ta fito. Hazo yana tafiya a kan ruwa a hankali, katako yana ƙara a ƙarƙashin ƙafar mutumina, wani ganye ya faɗo ya wuce. Tsohon yana tsaye yana jira. Muka fara. Na tare, na kauce, ya matso ni. Ina jin Baba a samana yana numfashi tare da shi, yana sakin iska ta hanci duk lokacin da duka ya sauka, kafaɗarsa mai lafiya tana ɗan motsi. Ya yi wani sauti a maƙogwaro da na daɗe ban ji ba, na jin daɗi.

Sai tsohon ya ja baya ya ɗaga gwiwa. Kansa a miƙe, idonsa a kaina, babu ko gezau. Aikina ne, na san babu abin da ya rage.

Kujera ta yi ƙara. Na ɗago, na ga Baba ya karkato kai hagu, ya dubo ƙasa, daidai inda nake. Hannunsa na hagu ya sauko daga kan kujera, tafin a buɗe, ya tsaya a gaban goshina. A talabijin shurin ya same ni, mutumina ya tashi sama ya faɗa cikin hazo, ban ko kalla ba.

"Matsa baya, Uwata," ya ce. Ta fito masa sumul, ba tare da ya nemi ko kalma ɗaya ba.

Umma ta saki labulen. Shi kuwa ya riga ya mayar da ido kan allo, yana jiran wasan ya sake buɗewa, hannun yana nan a gabana bai janye ba. Na ja jiki na matsa baya kaɗan, iya inda wayar ta kai.